Tsohuwar Kwanar Nagiura

Tun tana budurwa Chizuru Kadowaki ta kama aikin rakiyar 'yan yawon buɗe ido, ga shi har furfura ta fara keto mata tana rinawa, aikin yana nan yadda ta same shi. Za ta tsaya a gaban bas ta ba titi baya, 'yar hula a ka, farar safa a hannu, makirufo a baki, ta yi ta zuba tun daga tashar jirgin ƙasa ta Matsue har hasumiyar fitilar da ke can inda ƙasa ta ƙare teku ya karɓa. Ta san inda za ta sa su dariya, ta san inda za ta rera musu waƙar masunta, ta kuma san inda za ta ja bakinta ta bar su su yi gyangyaɗi. Yawancin baƙinta tsofaffi ne da suka ajiye aiki, daga Osaka ko Hiroshima: maza masu buɗe gwangwanin giya tun rana ba ta ɗaga ba, da mata masu cusa mata alewa a aljihu suna tambayar ko tana da miji. Miji dai an yi, an kuma rabu tun da daɗewa, ba ɗa ba jika.

Akwai wuri guda a hanyar da dole bas ya rage gudu, wata muguwar kwana a saman ƙauyen Nagiura, dutse a dama, teku a hagu. A ƙauyen nan aka haifi Chizuru. Lokacin tana yarinya, ba ka iya ratsa bakin ruwa sai a sunkuye, saboda igiyoyin da aka shanya kifin ika, mai dogayen hannaye kamar igiya, a kansu. Yanzu makarantar ta zama wurin jibge tsofaffin raga, kantin ya rufe, gidajen da ake kunna wuta a cikinsu ba su cika yatsun hannu ba. Ɗaya daga cikinsu shi ne na mahaifiyarta, Tomie, wanda ke saman kwanar daidai.

Ranar da Chizuru ta fara wucewa ta nan a cikin kayan aiki, Tomie ta fito bakin titi don ta ga 'yarta, ta ɗaga mata hannu. Washegari ma ta fito. Shi ke nan abu ya zama jiki. Mijinta ya rasu, ɗanta ya tafi Osaka, bayanta ya ranƙwafa, ta haura tamanin, amma duk ranar da bas ɗin zai wuce tana nan tsaye da shuɗin gyautonta na aiki da ɗan ƙyalle ɗaure a ka. Baƙi suka riƙa ɗaukar hotonta, hoton ya yi ta yawo a wayoyin mutane, har kamfanin ya buga shi a takardar tallarsa. Chizuru takan ce a makirufo, "Ku duba hannun dama, ga Kakar Nagiura tana yi muku maraba." Ba ta taɓa ce musu uwarta ce ba, don Tomie ta hana. Ta ce ba za a ce 'yarta tana talla da ita ba. Direbobi dai duk sun sani.

Ranar hutunta Chizuru takan hau motar ƙauye ta je. A wata irin wannan rana, cikin kaka, ta iske tsohuwar a kan kujera tana rataye 'ya'yan itacen kaki, masu kama da tumatir amma da zaƙi, da ta fere a ƙarƙashin indararo don su bushe.

"Inna, sauko daga kujerar nan."

"Tun kafin a haife ki nake hawanta."

"Shi ya sa na ce ki sauko. Ita ma ta tsufa."

Tomie ta gama ɗaurinta tsaf kafin ta sauko, tana dafa kafaɗar 'yar. Suka shiga ciki, suka zauna a tabarma, ta zuba musu shayi. Chizuru ta sake tayar da maganar da ta saba tayarwa duk shigowar sanyi, cewa ɗakinta na Matsue zai ɗauke su su biyu, ko da zuwa bazara ne.

"Wannan akwatin naki? In na yi atishawa maƙwabci ya ce min sannu?" Tomie ta nuna hoton mijinta da haɓa, inda yake jingine a wurin tunawa da mamata, ga ɗan kofin shayi a gabansa. "Wa zai zuba wa babanku shayin safe?"

"Sai mu tafi da shi."

"Mutumin da bai taɓa kwana inda ba a jin teku ba? Ke dai sha shayinki. Kuma jiya hularki a karkace take. Rigar ma ta matse ki, ki rage cin alewar mutane."

Chizuru ta yi dariya ta bar maganar. Haka suke ƙarewa kullum.

Ranar da abin ya faru, ƙarshen watan Nuwamba ne, ruwa ake yi tun hantsi, irin mai zuwa a karkace da iska. Ishitobi ne ke tuƙi, wani dattijo mai faɗin kafaɗa wanda saura 'yan watanni ya ajiye aiki, mutumin da sai ya yini bai ce uffan ba in ba gaisuwa ba. Bas cike yake da 'yan wata ƙungiyar unguwa daga Osaka, masu surutu da raha. Tun kafin a kai Nagiura suka fito da wayoyinsu, wasu suka taso suka dawo tagogin dama.

"Yarinya, kakar nan tana fitowa ko ana ruwa?" in ji wani mai jan fuska a kujerar gaba. "Saboda ita matata ta jawo ni, ni da na so in yi kwanciyata."

"Da lema take fitowa, ranka ya daɗe," in ji Chizuru.

Bas ya sha kwana. Ba kowa a bakin titi.

Chizuru ta ɗan sunkuya ta leƙa ta gilashi. Ƙofar gidan a buɗe take rabi. Ga wanki a kan igiya, ruwa na dukansa. Tunda take, ba ta taɓa ganin uwarta ta bar wanki a ruwa ba. Ishitobi ya taka birki har bas ya kusa tsayawa, ya ce ƙasa-ƙasa, ba tare da ya dube ta ba, "In tsaya?"

Babu gefen da za a raɓe a wurin. Wata babbar motar kifi da ke bayansu ta danna ham. Baƙi suna ta miƙa wuya, wayoyi a sama. Chizuru ta tuna an riga an dafa musu abincin rana a gidan taliyar da ke gindin hasumiya, ta tuna jirgin da za su kama da yamma. Ta ce a ranta wataƙila tsohuwar tana bayan gida ne, ko barci ya ɗauke ta a gindin hita.

"Mu je," ta ce.

Ta ɗaga makirufo, muryarta ta fito tas kamar kullum. "Da alama yau Kaka ta ɗauki hutu. Ai ita ma ta cancanta, ko ba haka ba?"

Aka yi dariya, wasu suka yi tsaki na wasa, mai jan fuska ya ce a mayar masa da barcinsa. Gaba kaɗan da kwanar ne wurin da take rera waƙar masunta. Ta rera. Suka yi ta tafi suna amsawa.

Suna isa hasumiya ta sauke su, ta ɗaga 'yar tutarta ta kai su har ƙofar gidan taliya, sannan ta koma gefe ta kira wayar gida. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta sake kira. Sai ta kira Katsube, tsohon masuncin da ke ƙasa da gidansu, shi ne maƙwabcin da ya rage mai ƙarfin hawa tudu. Ya ce yana can birni a layin likitan gwiwa, tun da sassafe ya fito, bai bi ta wurin tsohuwar ba.

Ta juyo sai ga Ishitobi a bayanta, ya riga ya tayar da inji.

"Shiga, Kadowaki-san."

"Baƙi fa?"

"Suna da baki, za su ci taliya. Hasumiya kuma ba gudu za ta yi ba."

"Za su kore ka."

"Shiga mana."

Doka ce babba a kamfanin, ba a motsa bas a bar baƙi, balle mai rakiya ta bar su. Chizuru ta ruga ta gaya wa matar gidan taliya ta riƙe mata su, ta dawo ta shiga. Ishitobi ya juya wannan ƙaton bas ba kowa a ciki sai su biyu, ya bi hanyar da gudun da ba ta taɓa ganin ya yi ba. A kwanar ya tsaya a tsakiyar titi, ya kunna fitilun haɗari.

Ba kowa a cikin gidan. Hita a kashe, tukunyar miya a kan murhu ta huce. Chizuru ta ratsa ɗakunan da takalmi a ƙafarta, abin da ba ta taɓa yi ba, ta fita ta ƙofar baya. A can ta gan ta, a gindin matakalar dutsen da ke hawa zuwa lambu, kwance ta gefe ɗaya, ƙafar hagu ta juya wani iri. Kwando ya kife, farin daikon da ta tono, wani dogon tushe kamar rogo, ya warwatse a laka. Kayanta sun jiƙe sharkaf, leɓɓanta sun yi shuɗi.

"Inna! Inna!"

Tsohuwar ta buɗe ido da ƙyar. Ta dubi hular, ta dubi safar hannun.

"Wa kika bar wa baƙi?"

"Ƙyale baƙi. Tun yaushe kike nan?"

"Tun safe." Haƙoranta na kaɗawa. "Na ji wucewarku. Na ji ya rage gudu, na ce to, ga su nan. Na yi kira, iska ta kwashe."

Ba da zargi ta faɗa ba, labari kawai take bayarwa. Chizuru ta durƙusa a cikin lakar ta rungumo kan uwar. Ishitobi ya tuɓe kwat ɗinsa ya lulluɓa wa tsohuwar, ya shiga ciki ya kwaso barguna, ya kira motar asibiti, ya ce kada a motsa ta. Ya kafa lema a kansu. Tomie ta dube shi ta ce, "Ishitobi-san, mun wahalar da kai. Ka yi haƙuri da gidan, ban share ba." Ya rusuna mata, ya koma ya ɗauki bas ɗinsa, don motoci sun fara taruwa a bayansa.

Motar asibiti daga nesa take zuwa. Kafin ta iso, tsohuwar ta daina magana, sai numfashi.

Baƙin sun jira har sun gaji a gidan taliya, kuma Ishitobi shi kaɗai ya dawo da su, ba waƙa ba labari. Jirginsu ya tafi ya bar su. Wasu da suka ji dalili sun yi shiru, wasu kuwa sun kira ofis sun zazzage. Manaja ya kira su biyun, ya tsayar da su a gaban teburinsa. Ya ce ya tausaya, shi ma yana da uwa, amma doka doka ce. Chizuru aka yi mata gargaɗi, aka sa ta kira shugaban ƙungiyar ta ba da haƙuri. Ishitobi kuwa aka karɓe makullinsa, aka ce sauran watanninsa a gareji zai yi su, yana wanke motoci. Da suka fito ta tsaya a gabansa ta sunkuya har ƙasa, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Ɗago, mutane na kallo," in ji shi. "Dama bayana ya gaji da kujera. Yaya jikin tsohuwa?"

Ƙashin ƙugu ne ya karye. Aka yi mata aiki, aikin ya yi kyau, amma sanyin da ta sha ya sauka a ƙirji, ta yi makonni tana fama da zazzaɓi da tari. Da ta farfaɗo ta koma kamar 'yar tsana a kan gadon, hannayen duk jijiya. Likita ya ce za ta iya zama, wataƙila ta taka kaɗan da abin dogarawa, amma ita da matakala sun yi sallama.

Ƙanin Chizuru, Mitsuru, ya zo daga Osaka da kwalin alewa mai tsada wanda ba wanda zai ci. Ya zauna gefen gadon yana duba waya a ɓoye. Da suka fito baranda ya ce, "Yaya, ni abin da ban gane ba, ke da kike wucewa ta ƙofar gidan kullum."

"Ƙarasa mana."

"Ba wani abu na ce ba. Cewa na yi an ce kun wuce, sannan kuka dawo."

"Kai kuma bana sau nawa ka zo? Ko bikin tunawa da mamata ba ka zo ba, ita kaɗai ta hau tudu ta wanke kabarin Baba."

"Aiki ne, Yaya. Kin san yadda aiki yake."

"Na sani kuwa," in ji Chizuru. "Ai shi na tsaya yi."

Wata nas ta leƙo ta sa yatsa a baki. Can Mitsuru ya ce ya bincika, akwai wani gidan kula da tsofaffi da ke da gurbi, a can cikin ƙasa wajen gonakin shinkafa. Chizuru ta so ta yi gardama, amma ɗakinta a hawa na uku yake, ba na'urar hawa, kuma tun safe take fita sai dare. In ta bar aikin, a shekarunta ba mai ɗaukarta wani. Ta ce to.

Gidan tsofaffin ba abin da za a kushe masa. Tsaf yake, da ɗumi, ma'aikatan da fara'a, sai dai suna yi wa Tomie magana kamar yarinyar goye. "Kaka, buɗe baki, yauwa, kin yi ƙoƙari!" Daga tagarta ba a ganin komai sai gonakin da aka girbe da wani tsauni mai duhun itatuwa. A satin farko ta tambayi wata ma'aikaciya ta wane gefe teku yake. Yarinyar ba 'yar yankin ba ce, ta yi dariya ta nuna wajen ɗakin wanki, ta ce tana jin nan ne. Tomie ba ta sake tambaya ba.

Hankalinta bai tafi ko'ina ba, bakinta ne ya mutu. Ta daina tsokanar Chizuru. In ta zo ranar hutu, sai tsohuwar ta dube ta ta ce, "Kin zo," shi ke nan. Chizuru ta riƙa sa hularta a jaka ta zo da ita, ta ɗora a karkace da gangan, ko za ta ce wani abu. Ba ta ce ba. Sau ɗaya ne ta yi doguwar magana.

"Kin sauke kaki? Za su yi fumfuna."

"Na sauke, Inna." Ta je kuwa, amma ta makara, rabinsu sun yi baƙi ta zubar. Sauran da ta kawo, ma'aikata suka ce ba za a ba ta ba, kada ta shaƙe.

"Kin rufe ruwa? Bututu zai fashe in ƙanƙara ta zo."

"Katsube-san ya rufe."

"Babanku fa?"

"Yana wurina. Ina zuba masa shayi."

Tomie ta murza bakin bargo. "Ki kai ni in ga wurin. Ba sai na shiga ba. Daga mota ma ya isa."

"Bari sanyi ya wuce, Inna. Likita ya ce ƙirjinki bai gama warkewa ba. Da zarar dusar ƙanƙara ta narke zan nemo mota."

"To," in ji tsohuwar, ta juya fuskarta wajen bango.

Cikin wannan sanyin ne wani mutum daga ƙungiyar bunƙasa yawon buɗe ido ta yankin ya zo ya sami Chizuru a gareji, yana ta rusunawa. Ya ce baƙi suna ta tambayar Kakar Nagiura, wasu ma suna fasa zuwa. Sun yi shawara za su ɗinka mutum-mutumi na tsumma, girman mutum, su tsayar a kwanar. Ko za ta taimaka musu da shuɗin gyauton da ƙyallen, don abin ya yi kama?

"Tana da rai fa," in ji Chizuru.

"Ai shi ya sa, don girmamawa ne."

"Ba zan bayar ba."

Suka samo wani gyauton a kasuwa. Bayan sati biyu bas ya sha kwana, sai ga abin tsaye a bakin titi, an ɗaure shi a jikin ƙarfe, hannu ɗaya a sama, an zana masa murmushi da baƙin zare. Baƙi suka yi ta shewa suna ɗaukar hoto. Sabon direban, wani matashi, ya saci kallon Chizuru. Ita kuwa ta sauke makirufo ta zauna a kujerarta, ba ta tashi ba har hasumiya. Haka ta riƙa yi kullum, aka kai ƙararta ofis, ta ce maƙogwaronta ne ke ciwo a daidai wurin.

Abin bai yi wata guda ba ya ɓace. Ƙungiyar ta ce iska ce. Da Chizuru ta je duba gidan, ta iske Katsube a bakin ruwa yana ƙona ruɓaɓɓun raga a cikin durom, ga wata ƙafar tsumma ta leƙo.

"Katsube-san, me nake gani haka?"

"Shara." Ya tura ƙafar ciki da sanda. "Kullum na fito in gan shi sai in ce ina kwana. Sau uku ina gaishe da tsumma. Na ce ko ni ko shi."

Ta yi dariya, dariyar ta juye mata kuka, ta tsaya nan a gaban durom tana share fuska da hannun riga. Tsohon ya ci gaba da tona wutarsa, bai dube ta ba.

Tomie ba ta kai narkewar ƙanƙara ba. Wata safiya a ƙarshen Fabrairu, bayan an ba ta kunun shinkafa ta sha cokali biyu, aka zaunar da ita a kujera gaban talabijin tare da sauran. Da aka zo mayar da ita ɗaki aka tarar ta cika. Chizuru tana gareji tana ɗora wa kujerun bas fararen mayafai aka kira ta. Ishitobi, da takalman roba da tiyo a hannu, shi ya kai ta a 'yar motarsa.

Sai da bazara ta shigo aka kai tokar gawar Tomie Nagiura, bayan an ƙona ta bisa al'adarsu, don a sa ta a kabarin gidansu da ke kan tudu. Wurin ibadar ƙauyen ya daɗe ba mai kula da shi, sai daga wani gari aka ɗauko malamin da zai yi karatu, ya zo a kan babur, ya yi sauri-sauri don ana jiransa a wani wurin. Mutanen da suka taru ba su da yawa: Chizuru, Mitsuru da matarsa, Katsube, wasu tsofaffi mata biyu da aka riƙo hannunsu, sai Ishitobi cikin baƙar kwat da ta yi masa kaɗan. Rana ta fito, teku ya kwanta lamo a ƙasa, turare na tashi a miƙe.

Suna saukowa Mitsuru ya ce, "Yaya, maganar gidan. Ba mai saye a nan. In aka bar shi zai rushe a kan titi, a zo ana neman mu. Gara a rushe shi tun da wuri."

"Yau dai ka bari."

"Ai ba yau na ce ba. Ki dai yi tunani." Ya duba agogo, ya ce in ba su tashi yanzu ba za su shiga cunkoso. Ishitobi ya ce zai rage mata hanya, ta yi godiya, ta ce tana so ta ɗan kintsa gidan tukuna.

Ta buɗe tagogi ta share ƙura, ta kwashe kwanukan da za su yi amfani ta kai wa tsofaffin matan. Tulun daikon ɗin da uwarta ta jiƙa tun bara ta kinkima ta kai wa Katsube. Ya buɗe ya shinshina, ya ce hannun Tomie-san ne wannan, gishiri kamar za a kashe mutum. Sannan ya ce ba zai iya cinye shi ba, ta ɗebi rabi.

"Ka ci a hankali mana, ai ba ya lalacewa."

"Ba zan kai ba. 'Yata ta matsa, wata mai zuwa za ta zo ta kwashe ni zuwa Hiroshima. Gwiwar ta ƙi." Ya mayar da murfin. "Na sayar da jirgin. Kaburburan can kuwa, ban san wa zai riƙa cire musu ciyawa ba. Ni nake yi wa kowa."

"Zan riƙa zuwa," in ji Chizuru.

"Kowa haka yake cewa. Amma ke wataƙila ki zo."

Ta rufe tagogin katako ɗaya bayan ɗaya, gidan ya yi duhu da rana tsaka, ta kulle ƙofa. Ta sauka bakin titi da ƙullin daikon a hannu, ta jira motar ƙauye ta yamma, wadda in ta wuce sai gobe. Da ta zo ba kowa a ciki. Direban baƙo ne, ba ta san shi ba. Ya ga mace da baƙaƙen kaya masu kyau da takalmin birni, ya ce cikin fara'a, "Yawon buɗe ido aka zo? Ai da kin wuce hasumiya, nan ba abin gani."

"Gida na zo," in ji ta.

"Au, yi haƙuri. Ashe akwai sauran mutane a nan."

"Akwai kaɗan."

Ta wuce can baya ta zauna, ta ɗora ƙullin a cinya. Warin daikon ya cika motar, direban ya ɗan zuge tagarsa, suka kama hanyar Matsue.